Ƙasar Da Ta Ƙoshi

A bayan Lamingo, inda tudun kuza ya yi ja,
nan Babana Mamuda mai zana yake yankan gamba.
Wurin ba shi da komai, tsakuwa ce da marmara,
ko akuya ta yi kashi, kafin la'asar ƙasa ta lashe.
Amma gamba kan fito ta shanye tsawon namiji,
tsaure na bin gindin dutse,
kyasuwa na lilo a bakin kududdufi.
Babana kan ce, ciyawar nan 'yar talaka ce,
da yunwa aka yaye ta, ba ta iya roƙo ba.

Laujensa na gada, ban gaji filinsa ba.

Shekarar da Da Chollom ya ba da hayar gonar sama,
aka kafa gidan kaji, aka ja kunyar dankali.
Taki buhu-buhu, fari kamar gishiri,
kashin kaji amalanke-amalanke.
In an yi ruwa, duk ya gangaro mana.
Mun ce alheri ne ya biyo kwari.

Sai ga wata baƙuwa a bakin hanya,
mai fure ruwan ɗorawa, mai faɗin ganye.
Ba wanda ya san garinsu.
Damina ɗaya ta tsaya a kwalbati tana kallo,
ta biyu ta shigo, ta uku ta shimfiɗa tabarma.
Shanun Jauro Buba sun sunsuna sun kau da kai,
ɗaci gare ta kamar maɗaci.
Karanta ba ya zana, ba ya jinka,
ka sare ta Asabar, ta gaishe ka wata Asabar.
A ƙarƙashin inuwarta gamba ta rame ta mutu a tsaye.

Wata yarinya, Nanret, ta zo daga jami'a
da ƙarfen haƙa da ƙananan ledoji.
Ta ɗebi ƙasar kwari, ta ɗebi ta kan tudu,
ta yi wata biyu ta dawo da takarda.
Ta ce, Baba, ƙasarku ƙoshi ta yi.
In akushi ya cika, mai babbar loma ke cinyewa,
taku ta saba da tsakura, ba ta iya wawaso ba.
Ta ce, ga kuma sanyin da ya ja baya,
da can shi ke taka wa irin wannan birki.

Na yi dariya har na zauna kan dami.
Na san yunwa na kisa,
ban taɓa jin an yi jana'izar ƙoshi ba.

Bana ruwa ya makara har tsakiyar Mayu,
ya zo da ƙanƙara, ya fasa kabeji,
sannan ya ɗauke ƙafa kwana ashirin da uku.
Na ga baƙuwa da azahar ta saki kunnuwa,
kamar mai kuɗin da azumi ya kama.
'Yar gambar da ta rage ta naɗe ganyenta ta yi shiru,
saiwarta na can ƙasa, inda uwayenta suka san hanya.
Na ce, to, yau mai gida zai karɓi ɗakinsa.
Daren Laraba hadari ya haɗo daga Shere.
Da safe baƙuwa ta miƙe, ta fi da kyau.

Yanzu in ina son ciyawa sai na hau dutse,
can inda taki bai san hanya ba.
Gwiwata na ƙara, dami ɗaya nake iya saukowa da shi.
A can gamba na nan yadda Babana ya bar ta,
siririya, mai taurin kai, cikin tsagar dutse.

Jiya ɗan Da Chollom ya aiko min da kwandon dankali.
An soya, na ci, na ƙara.
Da wane bakin zan zagi taki?

Jikata Hajjo ta shigo daga makaranta,
ta tsinko furen nan guda biyar a hanya,
ta zuba ruwa a kwalba ta jera su bakin taga.
Ta ce, Kaka, dubi ciyawar garinmu.
Na dubi laujen da ke rataye,
ban ce mata komai ba.